Yadda Kamfanin Albasata Ya Koma Na Kitso

Ko da na so in manta da ranar nan, mutanen Aliero ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ni kuwa ina Abijan, na shekara goma sha wani abu ina sayar da albasa. Sai girman kai ya raya mini cewa na wuce a kira ni ɗan tireda, kamfani zan kafa a gida, in riƙa sayen albasar mutanenmu ina lodi zuwa can. Na rubuta wa yayana Umaru wasiƙa. Amsarsa gajera ce: akwai wani tsohon lauya a Jega da ke yi wa mutane rajista, ga kuma bankin bakin kasuwa da kowa ya sani. Na karanta na taɓe baki. Lauyan da ke yawo a kan tsohon babur? Bankin da ake layi har waje? (Ni fa a lokacin har tabarau nake sawa, alhali idona lafiya lau.)

Wani direban tirela ya ba ni katin wani ejan, an buga sunansa da ruwan zinari, har da lambar tarho. Abin da ya saye ni ke nan. Na kira shi, muryarsa kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Ya ce ba sai na zo ba, yana da kamfani shiryayye, sunana kawai zai sa. Banki ma ya zaɓa mini wani sabo mai sanyin na'ura, ya ce ajiya ta buɗu tun ban sa ƙafa ba. Ban tambayi kowa ba. Bayan wata biyu takardu suka iso da jan hatimi. Turancin Ingilishi ne, ni kuma ɗan Faransancin kasuwa nake ji, amma na gane sunana, sai na sa aka saka mini su a gilashi.

Da aka fara cirar albasa na dawo gida. Na sa Yaya Umaru ya tara manoma a ƙofar gidansa, har daga Kashin Zama da Maiyama, ga surukina a kan tabarmar gaba. Na yi jawabi mai tsawo a kan ci gaban zamani, sannan na miƙa wa Malam Bello, hedimastan firamare, gilashin na ce ya fassara wa jama'a.

Ya karanta sunana. Ya ci gaba, sai ya tsaya, ya goge gilashin da hannun riga.

"Malam, mi yaf faru?" in ji surukina.

"Baba, an rubuta sana'ar kamfanin ne."

"To, faɗi mana."

Malam Bello ya dube ni da tausayi, ya ce, "Kitso, da lalle, da sayar da man shafawa na mata."

Can wani dattijo daga Maiyama ya ce, "To mu albasa munka noma, ba lalle ba." Dariya ta ɓarke, har wani ya sauka daga benci. Ashe ejan ɗin tsohon kamfanin wata mai gyaran gashi ya sayar mini.

Maimakon in yi shiru (Allah ya raba mu da taurin kai), sai na ɗaga murya na ce wannan ƙaramin kuskure ne, ai bankinmu na nan daram, na faɗi sunansa. Wani dillalin hatsi na Jega ya ce, "Wanga da anka rufe tun kafin damina? Ai ni na kama hayar wurin, gero nika ajewa ciki."

Surukina ya miƙe. Ya sa takalminsa ya tafi, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na rasa inda zan kai idona. Rabin manoman a wannan shekarar wani suka ba albasarsu, ban kuwa ga laifinsu ba.

Da aka watse Yaya Umaru ya ce, "Gobe ka shirya da sassafe." Ko kalmar gori ɗaya bai yi mini ba. Muka tafi Jega wurin lauyan, ya karanta takardun ya yi murmushi, ya soma komai daga farko, yana karanta mini layi-layi da Hausa. Daga nan muka bi layin banki cikin rana har azahar. Ejan kuwa, tarhonsa bai sake shiga ba.

Na koyi cewa in kana nesa, wanda mutanenka suka san ƙofar gidansa za ka ba aikinka, kuma kada ka tara jama'a a kan takardar da ba a karanta maka a ɗaki ba. Yau kamfanin albasa ne na gaske. Amma duk bikin da na je a Aliero, sai an sami mai ja na gefe ya tambaye ni da ladabi ko har yanzu muna karɓar amare.