Yaƙin Malam Ilu da Wayar Intanet

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe ya kuma hore shi ga bayinSa muke buɗe tarihin gwarzo, Malam Ilu ɗan Barmo mai gyaran rediyo, jikan Tanimu mai ɗinkin ƙwarya, tsatson gidan da ba a taɓa kai musu abu a lalace suka ce ba su iya ba, ko da kuwa ba su iya ɗin ba. Shi ne malamin kwamfuta na sakandaren garinmu. Kainuwa dashen Allah, dodon maɓallai, Injiniya ba da takarda ba!

Ranar wata Laraba aka yi wannan gumurzu. A ranar ne, da ƙarfe huɗu na yamma, hukumar jarrabawa za ta rufe karɓar sunaye, ga kuma ɗalibai arba'in da uku da ba a tura nasu ba. In lokacin ya wuce, sun yi asarar shekara guda cur. Hukumar kuwa ba ta san kowace na'ura ba sai tsohuwar kwamfutar ofis, mai shan intanet ta wata shuɗiyar waya.

Da hantsi shugaban makaranta, Malam Sambo, ya rarraba soyayyen naman sunan jikarsa. Gwarzo ya yi wa kasonsa kaca-kaca, amma wata jijiya ta yi tawaye ta maƙale masa a turmin haƙori. Yana neman makami sai ya hangi wani tsinke a bayan kwamfuta, tsaf kamar an ajiye masa. Ya zare, ya kai baki, ya zauna bisa karagar aiki.

Ko suna ɗaya bai tura ba, wata 'yar jar alama ta bayyana a kusurwar allo, 'yar koriyar fitilar da ke ƙyaftawa a gindin waya kuma ta mutu murus.

"Ni za a gwada?" in ji Malam Ilu. "A ba ni fili!"

Ya fara da hikimar magabata, wadda malaman fanni suka yi ijma'i a kanta gabas da yamma: ya kashe, ya kunna. Shiru. Ya kashe, ya ƙirga goma, ya kunna. Shiru. Ya zare wayar, ya hure ta kamar mai hura wuta a damina, ya mayar, fitilar ta ɗan yi haske, yana sakin hannu ta sake mutuwa. A nan mai ƙaramar basira zai tsaya ya yi tunani, amma manyan mazaje ba sa neman abokin gaba a kusa. Ya juya tsinke a baki daga hagu zuwa dama, ya yanke hukunci cewa ɓeraye ne suka yi wa daula zagon ƙasa a cikin silin.

Aka kawo tsani. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura hula da kyau, ya kutsa cikin duhu da tocila, yana bin wayar taku bayan taku, da rarrafe da jan ciki, ta cikin zafin kwano mai narka kitse, ta tsakiyar rundunar jemagu waɗanda suka gaji wurin kaka da kakanni kuma ba su yi na'am da baƙo ba. A ƙasa ɗalibai sun yi cirko-cirko a taga, wata ma ta fara share hawaye da gefen hijabi. Malam Sambo yana duba agogo yana kiran sunayen Allah. Ƙarfe uku da rabi ƙafar gwarzo ta ɓarko silin, takalminsa ya faɗo kan teburin shugaba. Can ya sauko, fari fat da ƙura, yanar gizo har a gemu, ya shaida wa jama'a cewa waya lafiyarta ƙalau, lamarin ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Sai ga Inna Ladiyo mai buga takardu ta dawo daga asibiti, inda ta yini a layin awon hawan jini. Ta dubi kwamfuta, ta dubi silin, ta dubi bakin gwarzo.

"Malam Ilu, tsinken nan na bakinka, a ina ka samo shi?"

Ya nuna wurin da yatsa, a hankali.

"To mayar. Shekara uku ke nan da ɗan maƙalin wayar ya karye, tsinken ne ke tokare ta."

Ya goge shi a hannun riga, ya tura waya, ya cusa shi a gefenta. Fitila ta yi kore. Saura minti shida ƙarfe huɗu ta cika sunan ƙarshe ya wuce, 'yan mata suka rangaɗa guɗa, Malam Sambo ya rungume gwarzo yana cewa, "Sannu Injiniya! Sannu namijin duniya!" Shi kuwa ya karɓi yabon nan duka bai rage wa kowa ba, Inna Ladiyo dai ta manna takarda a bango: KADA A ZARE TSINKE.

Haka Malam Ilu ɗan Barmo ya koma gida da nasara, da takalmi a hannu, yana tura harshe gefen baki. Jijiyar naman tana nan inda take.