Dusar Gwamnati

Shekarar da fari ya ci Masarautar Kwarin Gawo, mutanen ƙauyukan gefen daji suka kasa ciyar da dabbobinsu, suka kwance su. Awaki da tumaki da kaji suka kwararo cikin daji, haƙarƙari a waje, suna bin ramuka suna neman abin taɓawa.

Barmo, wani tsohon jaki da ke wakiltar masu cin ciyawa a majalisar Ƙaramar Hukumar Gindin Dutse ta namun daji, shi ya fara kai kuka. Ya ce baƙin nan za su cinye ɗan hakin da ya rage. Shugabar majalisa, Kura Tabawa, ta ce tun da ta hau mulki ba ta ji jawabi mai ma'ana kamar wannan ba. Nan take aka yi doka: duk wanda ya ba baƙo ko da ƙwayar gero, a toshe masa rami. Aka naɗa Barmo shugaban masu sa ido. Ya koma gida kunnuwa a miƙe, yana mamakin yadda aka daɗe ba a gane basirarsa ba.

Wadda ya fara kamawa Inna Yelwa ce, tsohuwar gafiya, tana miƙa wa wata akuya mai shayarwa gyaɗa.

"Malam Barmo, 'ya'yanta iska suke tsotsa fa," in ji ta.

"Doka ce, Inna," ya ce, kalmar kuwa ta yi masa daɗi a baki.

Aka toshe raminta, ta kwashe jikokinta ta bar unguwar.

Da labari ya kai wa Gwamna Damisa, sai ya fusata, ya ce abin kunya ne baƙi su rame a jiharsa. Barmo ya zaci za a yi rigima, amma da Gwamna da Tabawa suka keɓe, suka fito suna murmushi. Dokar ƙaramar hukuma tana nan daram, talaka kada ya ciyar. Dokar jiha ta hau kanta, gwamnati ce kaɗai za ta ciyar, a garken da za ta kafa. Ɗaukar dusa kuma aka ɗora wa Barmo.

Baƙi suka yi ƙiba. Wanda duk ya murmure sai a ce an yi masa canjin wuri. 'Yan majalisa ma suka yi ƙiba. Barmo jaki ne, amma ba makaho ba ne. Ya gane sarai, sai dai ya gaya wa kansa cewa ba don tunani aka naɗa shi ba, ga shi kuma yana lasar gindin buhu.

Ranar da garke ya zama wayam, majalisa ta zauna. Tabawa ta yi alkawarin cewa shirin ciyarwa ba zai tsaya ba muddin tana numfashi. Aka tafa. Sannan ta juyo a hankali.

"Malam Barmo, wannan tabon mangala da ke bayanka, a daji aka haife ka da shi?"

Ya ce kayan gwamnati ne suka yi masa. Ta ce ba komai, za a bincika asalinsa.

Washegari da safe ya tarar da buhun dusa a ƙofar gidansa, mai laushi, har da kanwa. Maƙwabta suka leƙo, suka mayar da kai. Ya daɗe yana kallon buhun, ya yi 'yar dariya. Yunwa kuwa yake ji, sai ya sa baki.