Ranar da Na Sa Aka Buɗe Fayil Ɗina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani, da wata Asabar da ni da kaina na tara dattawa a ofishin ƙungiyarmu a nan Kontagora don a wanke ni daga sharrin maƙiya. Na shiga ina taƙama, na fito ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin firamare ne, kuma ɗan agaji a wata ƙungiyar addini, irin mu ɗin nan masu kaki da usur da kuke gani muna gyara sahu a filin Idi. Shekara tara ina wannan aikin. Da na tashi neman auren Balkisu, mahaifinta Alhaji Ɗantani, mai sayar da taki da maganin feshi a kasuwa, ya ce zai yi bincike kamar yadda aka saba. Daga baya na ji cewa ya je ofishinmu ya tambayi sakatare halina.

Daga nan sai shiru. Mako ɗaya, biyu, har uku. In na tambayi Balkisu sai ta ce, "Wallahi Baba bai ce komai ba." Ni kuwa Allah ya yi ni da zullumi. In na gai da mutum ya amsa a gajarce, wuni nake ina lissafin laifin da na yi masa. Abinci ya daina shiga. A aji sai in rubuta kwanan wata a allo, in tsaya riƙe da alli ina kallonsa har yara su fara dariya. Ina son Balkisu ƙwarai, kuma na tsorata cewa za ta kuɓuce min ban san dalili ba.

Na zauna na yi wa kaina bincike, na kuma gano mai laifi ba tare da hujja ko ɗaya ba: Kwamanda Isiyaku, shugaban 'yan agajin reshenmu, wanda muka taɓa yin cacar baki da shi a wurin fareti. Kowane ɗan agaji yana da fayil a wata durowar ƙarfe a ofis. Na tabbatar wa kaina cewa Kwamanda ya cusa wata ƙazamar takarda a nawa, an kuma nuna wa Alhaji.

Na kai kukana wurin abokina Nura mai shagon buga takardu (mutumin da ya san rabin kowace doka a duniya). Ya ce, "Kai, kana ina? Ai yanzu akwai dokar kare bayanan mutane. Duk wanda ya ajiye bayani a kanka, banki ne ko asibiti, kana da haƙƙin ka ce a nuna maka."

Na ce, "Har ƙungiyar addini?"

Ya ce, "Ita a sama take?"

Nan take muka rangaɗa wasiƙa da Turanci mai nauyi. Abin da Nura ya rubuta bai wuce neman a nuna min fayil ɗina ba. Ni ne na ce a ƙara gishiri: kada a cire ko takarda ɗaya, kuma a buɗe a gaban shaidu. A ƙasa na sa ya rubuta cewa an aika kwafi ga lauyana (ban taɓa ko gaisawa da lauya ba).

Sakatarenmu Malam Bawa, tsohon malamin gona ne mutumin Beri, dattijo mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta fashe. Washegarin ranar da na kai masa wasiƙar sai ga shi a makarantarmu a kan tsohon babur ɗinsa, wasiƙata a aljihu. Ya ja ni gindin darbejiya ya ce, "Ɗana, mene ne na lauya tsakaninmu? Fayil naka ne. Ka zo ni da kai mu duba, mu biyu kawai."

Na ce, "Malam, a gaban shaidu na ce."

Ya ce, "Ka dai yi tunani."

Sau biyu yana dawowa da wannan maganar. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa. Ni kuwa sai na ce a raina, ka ga, sun tsorata, lallai akwai abin da suke ɓoyewa. Don in cika aikin wauta, na wanke ƙafa na je har shagon Alhaji Ɗantani, na durƙusa na ce, "Baba, ina roƙon ka halarci wani ɗan zama ranar Asabar, don ka ji gaskiyata da kunnenka." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar Asabar da hantsi ofis ya cika. Ga shugaban reshe, ga dattawa biyu, ga Kwamanda Isiyaku ya harɗe hannu, ga Alhaji a kujerar da ta fi kyau. Babu wuta, fanka a tsaye, ni kuma gumi har cikin takalmi. Na daure na ɗaga kai kamar wanda ya san abin da yake yi.

Malam Bawa ya buɗe fayil ya fara karantawa. Takardar shigata ƙungiya. Shaidar horon taimakon gaggawa. Sai wata takarda da ke cewa ni mai zuwa aiki ne a kan lokaci, mai haƙuri da jama'a, ya kamata a ƙara min girma. Na ce, "Wa ya rubuta wannan?" Aka ce Kwamanda Isiyaku. Kwamanda bai ko kalle ni ba. A nan gabana ya fara faɗuwa, don in ba shi ba ne, to wa?

Sai Malam Bawa ya karanta abin da ya rubuta ranar da Alhaji ya zo bincike: "Na shaida masa yaron kirki ne, mai riƙon addini." Ya rufe fayil ya ce, "To, alhamdu lillahi, shi ke nan."

Da na yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma idona ya hango gefen wata takarda mai layi-layi, irin ta littafin makaranta, ta leƙo daga ƙasa. Na miƙe na nuna ta da yatsa na ce, "Malam, akwai saura. Doka ta ce duka."

Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta da amfani."

Na ce, "A karanta."

Ya ce, "Don Allah ka bari."

Na ce, "In ba a karanta ba, sai dai mu haɗu a kotu."

Malam Bawa ya zaro takardar a hankali, ya miƙo min ya ce, "To, karanta da kanka. Rubutunka ne."

Ina ganin layin farko na gane ta. Shekara shida da suka wuce na rubuta ta, aka ce min an yafe, magana ta mutu, ni kuma na binne ta a raina har na manta. Na fara ninke ta, sai shugaban reshe ya ce, "A'a, malam. Kai ka ce a gaban shaidu. Ga mu."

Haka na tsaya na karanta wa surukin da nake nema: "Ina neman afuwar shugabanni bisa sa kakin ƙungiya da na yi ranar kasuwar Bangi, na je wurin wata yarinya na ce mata ni jami'in kwastan ne. Na kuma yi alkawarin samar wa yayanta aiki. Ban san shi ma ɗan agaji ne a reshen can ba. Sharrin Shaiɗan ne, ba zan sake ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari irin na mai danne dariya. Kwamanda ya juya yana nazarin bango. Malam Bawa kuwa kansa a ƙasa, kamar shi ya yi laifin.

Alhaji Ɗantani ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ni shirun da na yi, yayana nake jira ya dawo daga Bobi, don shi ne waliyyin Balkisu. Na riga na yanke shawarar ba ka. Juma'ar nan na so in aika wa iyayenka."

Na koma kujerata na zauna.

Ya ci gaba, "Maganar kwastan ba ta dame ni ba, ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa. Abin da ya dame ni, bawan Allahn nan ya rufa maka asiri shekara shida, ya rufa maka a gabana, yau ma sau biyu yana roƙonka, kai kuma kana kira masa kotu. Mako uku kawai na yi shiru ka tara mana taro. Ranar da 'yata ta yi maka shiru na kwana biyu, wa za ka tara mata?"

Ya sa takalmansa ya fita. Ban bi shi ba, don ban san da wace fuska zan bi shi ba.

Iyayena sun je ban haƙuri sau biyu, Malam Bawa da kansa ya je sau ɗaya (wannan ya fi komai ƙona min rai). Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Bayan wata biyar aka ɗaura auren Balkisu da wani ma'aikacin asibiti. Alhaji ya nemi ƙungiya ta turo 'yan agaji wurin ɗaurin auren, sunana kuma ya faɗo a jerin masu aiki. Na so in ce ba ni da lafiya, sai na tuna takardar uzuri ma fayil za ta shiga. Ni na nuna wa motar ango inda za ta tsaya.

Dokar nan gaskiya ce, kuma tana da amfani, ban ce kada kowa ya nemi haƙƙinsa ba. Amma in dattijo ya ce maka ku duba ku biyu, ka duba ku biyun. Na yi mako uku ina neman wanda ya rubuta min sharri, ashe a duk fayil ɗin mutum ɗaya ne ya taɓa rubuta mugun abu a kaina, kuma har sa hannu na yi.