Ranar da Na Tura Ma'aikata Duka Gidan Hajiya

Ko na tsufa na yi furfura, ba zan manta da satina na biyu a biron, wato ofishin, wani kamfanin gyaran firigo da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Zongo ba. Aikin a baki ba wuya: mutum ya kira, in rubuta buƙatarsa a ordinata, wato kwamfuta, in zaɓi mai gyara, saƙo ya faɗa wayarsa. (Ranar da aka ɗauke ni na ce wa mai kamfanin, Alhaji Isufu, na san ordinata ciki da waje. Allah ya yafe mini.)

Wata Talata ana tsananin zafi, wata Hajiya ta kira daga unguwar Saga. Kilim ɗinta babba ce, sai an sauko da ita daga bango, aikin mutum biyu ne. Ni kuwa ban taɓa sa mutum biyu a aiki ɗaya ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. A jerin masu gyara, in na danna sunan Musa na danna na Amadu, sai na Musa ya ɓace. Can sama na hango wani ɗan akwati, na danna shi, sunayen biyu suka yi shuɗi. Ban duba ƙasa ba, na rubuta "gaggawa", na aika.

Bayan kamar awa ɗaya wani mahauci ya kira daga kasuwar Petit Marché.

"Madam, mutuminku ya kwance mini firigo, ya duba waya, ya hau moto ya tafi. Naman shanu biyu ne a ciki."

Ban gama ba shi haƙuri ba sai ga kiran Hajiya, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, me na yi muku? Maza sun cika mini ƙofar gida, duk kayansu iri ɗaya. Na sa sakata. Maƙwabta sai kirana suke, sun zaci rasuwa aka yi."

Na buɗe aikin na gangara ƙasa. Suna goma sha ɗaya, duk shuɗi. Ashe akwatin nan kowa da kowa yake zaɓa. Naman mahauci nake tunani cikin wannan rana, da fuskar innata da ta gama gaya wa dangi na samu aiki. Ga kilim a kaina, amma mayafina ya jiƙe sharkaf.

Waya ta sake ƙara. Lambar Alhaji ce. Sai da ta kusa tsinkewa na ɗauka.

"Ga ni a Saga," ya ce, muryarsa a sanyaye. (Da ihu ya yi da ya fi mini sauƙi.) "Daga gaban abinci na taso, saƙo ya ce gaggawa."

Sai lokacin na ga sunan ƙarshe a jerin. Nasa ne, don shi ma a da mai gyara ne.

"Wane gefen kilim ɗin kika ce in kama?"

Ina jin dariyar mutum goma a bayansa. Na ɗora wa layin sadarwa laifi, na ce, "Alhaji, ina jin matsalar rezo ce."

"To, rezon ya sa hannu a ƙasan saƙon. Sunanku ɗaya."

Nan take ya mayar da mutum biyu kasuwa, Allah ya taimaka naman bai lalace ba. Hajiya kuwa sai da ya yi ta roƙonta ta bayan ƙofa kafin ta buɗe. Washegari na zo a shirye don sallama, amma sai ya ce Musa ya nuna mini yadda ake yi. Ashe maɓalli ɗaya ake dannewa, a zaɓi suna na biyu. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Tun daga ranar, abin da ban sani ba tambaya nake har a gaji da ni. Da na tambaya, mutum ɗaya ne zai san ban iya ba. Da na yi shiru, goma sha ɗaya suka je har Saga suka gani.