Kwandon Shara a Hancin Amarya

"Lafiya lau, tsohon miji. Ka tashi da kanka, ko in zo in goya ka?"

Jikar Akawu ce, ta hakimce a kujerarsa gaban kwamfuta. Shi kuwa yana bakin ƙofa da kofin shayi, biro a aljihun gaba, duk da shekararsa goma sha biyu da ritaya. A kwamfutarsa ake ajiye kwafin takardun zuri'ar kaf. Shaidar digirinta ta zo ɗauka, don ruwa ya lalata ta asalin, kuma ƙarfe sha biyu za a rufe karɓar takardun aikin da take nema. Da ta ga fuskar kwamfutar cunkushe kamar kasuwa, sai hannu ya yi mata ƙaiƙayi. Ta saka wata manhaja mai tsara fayiloli, ta cire hoton da ke baya.

"Amarya marar tarbiyya, wa ya yi mini sata?"

"Shara na yi maka. Fayil ɗari biyu, na jera su a akwati huɗu. Gode mini."

"Ina hoton iyalina?"

"Ai ba a ganin kowa, ka binne su da takardu."

Akawu ya kurɓi shayi a natse. "To, ɗauki takardarki ki ba ni wuri."

Ta buɗe akwatin farko. Takarda 1, Takarda 2, har Takarda 180. Tsohuwar kwamfutar nan sai ta yi nishin minti guda kafin ta buɗe ɗaya, ga shi sha ɗaya da rabi ta gota.

"Kaka, wane irin akawu ne ba ya sa wa fayil suna?"

"Au, yanzu na zama Kaka? Sunan me, bayan kowa yana da fuska? Takardun kawunki suna kan hularsa. Na babarki suna kafaɗarta. Shekara tara ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, sai yau da mai digiri ta zo."

"Digirin da ka ce saya na yi?"

"Ga shi kuwa kin tabbatar."

"Wallahi in aikin nan ya wuce ni, a ɗakinka zan tare, ka ci da ni har ka mutu."

"Na sake ki tun yanzu. Saki ɗari da tamanin, kowace takarda ɗaya."

Dariya ta so ƙwace mata, amma tsoro ya fi ƙarfi. Can ta tuna manhajar tana adana tsohon tsari kafin ta taɓa komai. Ta danna, ta mayar da hoton. Fayiloli suka watse, kowanne ya koma kan mai shi.

Ta nemi kanta a layin gaba. Kwandon shara ne zaune daram a hancinta.

"Ni ka ɗora wa shara?"

"Hancin ne kaɗai mai faɗin da zai ɗauka. Duba ƙarƙashin haɓarki."

Takarda 63 ce. Ta tura saura minti bakwai, ta sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta lura da fuska ɗaya a tsakiya wadda ko ɗigo ba a ɗora mata ba: kakarta, mai rasuwa.

"Ita ba ta da takardu ne?"

"Tana da su. Amma don in gan ta nake kunna abin."

Kunya da tausayi suka kama jikar. Ta sake buɗe manhajar, ta kulle tsarin yadda babu fayil ɗin da zai ƙara gusawa.

"Na bi, tsohon miji. Ka fi ni."

Akawu ya yi dariya, ya zaro biron aljihunsa ya miƙa mata. "Riƙe, ki sa hannu da shi ranar kama aiki. Amma buɗe mini makullin nan tukuna, in sauke miki shara daga hanci."