Barmo da Autan Mikiya

A ƙarshen ƙauyen Kwarin Maje, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, akwai wani mutum ana ce masa Barmo. Daga shi sai matarsa Lantana a gidan. Barmo ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba, sai dai abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa ko akuya ba a ba shi kiwo. In mata suka yi wa Lantana dariya a bakin rijiya, sai ta ce, "Ni dai bai taɓa yi mini ƙarya ba," ta ɗauki tulunta.

A bayan gidansu akwai wani dogon rimi, mikiya ta yi sheƙa can sama ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Wata ma'aikaciyar kare tsuntsaye daga birni, Malama Zuwaira, ta sa aka ɗaura kyamara tana kallon sheƙar, don mutane su riƙa gani a waya. Da yake Barmo ne mafi kusa, shi ta ba waya da aikin sa ido. Tun ranar farko ransa ya kwanta da ƙaramin, ya sa masa suna Auta. Malama ta ce ƙanen ba kasafai yake rayuwa har ya tashi ba. Barmo ya ce nasa zai tashi.

Wata rana Malama ta ce masa, "Duk abin da ya motsa a sheƙar nan, ka kira ni." Kafin azahar ya kira ta sau talatin. Ganye ya kaɗa. Tururuwa ta wuce. Auta ya yi hamma. A kira na ƙarshe ta ce, "Malam Barmo, don girman Allah kada ka sake kirana sai in wani abu ya faɗo daga sheƙar."

Wata rana uwar ta yi jinkirin kawo nama, sai babban ya hau saran Auta a ka. Aka kwana biyu ana haka. Auta ya raɓe a gefe, jini a wuyansa. Barmo ya ƙi cin abinci, yana riƙe da waya.

Lantana ta ce, "Maigida, ka kira ta mana!"

"Ba abin da ya faɗo."

"Zai mutu fa."

"Na sani, Lantana. Amma ba abin da ya faɗo."

A rana ta uku iska ta hure wani tsinke. Barmo ya zabura ya danna waya. "Malama, tsinke ya faɗo!"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ya faɗo. Auta dai yau kwana uku yana jini, amma yana sama."

Malama ta ce hayaniyar mutane ce ke korar uwar. "Kada kowa ya kusanci rimin nan, a ba shi taki ɗari."

Washegari da safe Barmo ya auna taki ɗari ta kowane ɓangare, ya ja layi da toka. Layin ya datse hanyar kasuwa, ya haɗiye gonarsa, ya ratsa ta tsakiyar gidansa ya cinye madafa. Ya tsaya da sanda ya mai da masu jakuna baya, har mai unguwa sai da ya zaga ta kwari yana mita. Lantana ta kafa murhu a ƙofar gida. Ciyawa ta ci gonar, amma uwar ta dawo da gafiya a ƙafarta, Auta ya ci ya ƙoshi.

Wata rana babban ya buɗe fukafukai ya tafi abinsa. Auta ya ƙi. Ya tsaya a bakin sheƙa yana leƙen ƙasa yana ja da baya. Uwar ta daina kawo masa komai, aka yi kwana huɗu, har ya fara tangaɗi. Malama da ke kallo daga birni ta kira da kanta. Ta ce gobe za ta zo da keji da mai hawan bishiya, a sauko da shi a kai shi gidan dabbobi.

Barmo ya ce, "A can zai tashi?"

"A'a. Amma zai rayu. Na yarda ka shiga layinka. Duk abin da kake da shi mai laushi ka shimfiɗa a gindin rimin, ko da zai faɗo."

Barmo ya kwaso katifa da filo biyu, da zannuwan Lantana na fita biki, da buhun auduga, da ragowar tuwo. Ya zaga gida yana tattaɓa komai, har hannunsa ya kai kan farin zomon Lantana. Washegari da hantsi ya kai shi ya ajiye a tsakiyar katifa.

Lantana ta ce, "Har da zomona?"

"Shi ya fi komai laushi."

Suka koma bayan layi suka haɗa kai a kan waya. Zomo ya yi tsalle ɗaya. Auta ya miƙe wuya ya kafe shi da ido. Zomo ya ƙara tsalle. Sai kawai suka ga sheƙa babu kowa.

Lantana ta damƙe hannun mijinta. Suka ɗaga kai, ga Auta yana gangarowa kamar an jefo ƙunshin tsumma. Saura kaɗan ya bugi ƙasa fukafukansa suka buɗe. Zomo ya faɗa cikin ciyawa, Auta ya kuskure shi, iska ta ɗauke shi ta kai shi kan wata kuka. Ba a jima ba uwar ta sauka kusa da shi da nama.

Motar Malama ta iso da kejin a baya. Barmo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Malama. Duk shimfiɗar nan da na yi, bai faɗo a kai ba."

Malama ta dubi kukar ta daɗe, sannan ta ce wa direba kada ya sauke kejin.