Akwatin Jamus na Malam Sallau

Kun san Malam Sallau maƙwabcina, mai tsohuwar fijo ɗin nan da sai an tura take tashi? To, bara ya dawo daga kasuwa da wani jan akwatin kayan gyara, sai ƙyalli yake yi, ya dire shi a gaban majalisa ya ce daga yau shi da bakanike sai dai gaisuwa. Wai 'yan Jamus ne, na asali. Wallahi mutumin nan ya ishe mu. Ko zancen kuɗin gero ake yi sai ya san yadda ya karkato da hira ta dawo kan akwatinsa.

Mu kuwa muna gani. Ranar da famfon gidansa ya fara yoyo ya sa sufana, sufanar ta wage baki, noti ko gezau. Sukudireba ya murɗe kamar taliya. Jak ɗin kuwa, da taya ta yi faci ya ɗaga motar, ta ɗan tashi, sai ga ta tana komawa ƙasa a hankali, jak ya kwanta abinsa a ƙarƙashinta. In ka yi magana ya hau ka da faɗa, wai ku ne ba ku san darajar kaya ba. Ni har haushi yake ba ni, don duk ɓarnar da ya yi, a ƙarshe kayan aikina ake aiko ara.

Ran wata Juma'a muna masallaci, wani ɓarawo ya buɗe but ɗin fijo ya yi gaba da akwatin. Ya ga kasuwa ba kowa, ya ce bari ya yi amfani da abin da Allah ya ba shi, ya nufi wani shagon atamfa mai ƙaton kwaɗo. Ya sa filaya, ta rabe biyu. Ya sa zarto, haƙoran suka zube, kwaɗo ko ƙwarzane. Ya fusata ya ɗaga guduma, kanta ya fice ya doki ƙofar langa-langa ta shagon da ke kusa, ƙwaram! Daidai lokacin an sallame salla. Jama'a suka same shi tsaye da ƙotar guduma a hannu, ya ci dukan da ya ci, aka miƙa shi ga 'yan sanda.

Ranar shari'a na raka Malam Sallau kotu, don ba zan bari a ba ni labari ba. Ya sha babbar riga. Aka baje kayan a kan tebur, duk a karairaye. Ɓarawon na durƙushe, ido ɗaya a kumbure, ya san tsawon zamansa a gidan yari ya danganta da darajar abin da ya sata. Shi kuma Malam Sallau ya rantse sai an ɗaure shi ɗauri mai tsawo.

Alƙali ya ce, “Malam Sallau, kayanka ne waɗannan?”

Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, nawa ne. 'Yan Jamus ne, babu irinsu a garin nan. Lafiyarsu ƙalau kafin wannan la'ananne ya taɓa su.”

Na yi tari. Ya harare ni.

Alƙali ya ɗauki rabin filayar, ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, ya ajiye. Ya dubi ɓarawo ya ce, “Kai kuma me za ka ce?”

Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ɗauka dai na ɗauka. Amma a duba mini. Kwaɗo ɗaya tak na roƙi kayan nan, suka tona mini asiri.”

Kotu ta kwashe da dariya. Malam Sallau ya miƙe yana nuna ɓarawon da yatsa. “Rufe mana baki, ɓarawon banza! Ka cuce ni, ka yi mini sata da rana tsaka, sannan ka zo kana zagin kayana?”

Ɓarawo ya ɗago ido ɗayan da ke gani ya ce, “Haba Baba, ni na yi maka sata? Wanda ya yi maka sata yana can shagonsa yana shan fanka, kai da kanka ka kai masa kuɗinka ka karɓo akwatin, har ka ce Allah ya amfana.”